Tangarɗar jijiyoyin jinin laka: Yadda ake toshe ta da siririn bututu ba tare da tsaga baya ba

Akwai wani nau'in raunin ƙafafu da yake sanɗa a hankali, galibi ga maza waɗanda suka haura shekara 50. Yakan fara da nauyin ƙafa idan an yi 'yar tafiya ko an hau matakala, sai mutum ya zauna ya huta ya ji dama-dama. Bayan wasu watanni tafin ƙafa ya soma mutuwa, ko a riƙa jin kamar tururuwa na yawo a cikinsa. Daga nan fitsari ya fara gardama, bayan gida ya yi tauri, ƙarfin mazakuta ya ja baya. Da yake kowace alama daga cikin waɗannan tana da cutar da aka saba jingina mata, sai a ce ciwon baya ne, ko ciwon sukari, ko basir, ko sanyi, ko kuwa tsufa ne ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Ga wasu marasa lafiyar, tushen wannan duka wata 'yar ƙanƙanuwar mahaɗa ce tsakanin jijiyoyin jini guda biyu a kusa da laka, waɗanda bai kamata su haɗu kai tsaye ba. Likitoci na iya rufe mahaɗar ta hanyar zura siririn bututu a cikin jijiyar jini tun daga cinya har zuwa wurin, su ɗiga wani irin gam. Wannan dabara ita ce ake kira embolaizeshan, wato toshe jijiya ta cikinta. Nasararta ta rataya ne a kan abu biyu: a gano cutar kafin laka ta lalace, kuma gam ɗin ya sauka daidai inda ya dace.

Yadda jini ke ciyar da laka

Laka ita ce igiyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ramin ƙashin baya. Tsawonta ga baligi ya kai kimanin santimita 45, kuma takan ƙare a wajen tsatso, a daidai gaɓa ta ɗaya ko ta biyu ta ƙashin ƙugu. Daga jikinta jijiyoyin saƙo tagwaye 31 suke fita zuwa hannuwa da ƙafafu da mafitsara da hanji. Wani tantani mai kauri ya lulluɓe ta kamar kube, har ya ɗan bi saiwar kowace jijiyar saƙo a wurin fitarta.

Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa abubuwa da dama, don haka sai an bambance. Akwai jijiya mai kai jini daga zuciya, wadda jininta ke tafe da ƙarfin bugu. Akwai kuma jijiya mai mayar da jini zuwa zuciya, wadda bangonta ba shi da kauri kuma jininta na tafiya a sanyaye. Tsakaninsu akwai wasu 'yan mitsi-mitsin hanyoyi da suka fi gashi sirantaka, inda jini ke rage gudu ya sauke abinci da iskar oksijin kafin ya juya.

Laka tana da jijiya mai kai jini guda ɗaya a gabanta, da biyu a bayanta. Ta gaban ce ke ciyar da kusan kashi biyu cikin uku na lakar, har da sashen da ke motsa ƙafafu. Ita kuma tana samun ƙari daga wasu rassa ƙalilan da ke shigowa ta gefen ƙashin baya. Mafi girmansu ana kiran sa da sunan Albert Adamkiewicz, likita ɗan ƙasar Folan da ya yi bayaninsa a 1882, kuma galibi yakan shigo ta hagu a ƙasan ƙirji. Idan wannan reshe ya toshe, ƙafafu na iya shanyewa nan take. Duk wani taka-tsantsan da ake yi a aikin toshe jijiyar laka, kare wannan reshe da ire-irensa ne a kan gaba.

Inda tangarɗar take

Tangarɗa na samuwa ne idan jijiya mai kai jini ta zuba kai tsaye a cikin mai mayarwa ba tare da bi ta ƙananan hanyoyin nan ba. Likitoci sukan kasa ta gida huɗu.

Nau'i na farko, wanda ya ƙunshi kusan kashi 70 cikin 100 na duk masu wannan matsala, mahaɗar tana jikin tantanin da ya lulluɓe saiwar jijiyar saƙo. Likitoci na kiran irin wannan mahaɗa fistula, kalmar da ake amfani da ita ga yoyon fitsari, domin ma'anarta ƙofa ce da ta buɗe tsakanin wurare biyu da ya kamata su kasance a rabe. Ba a haihuwar mutum da ita, daga baya take samuwa. Kusan huɗu cikin kowane biyar na masu ita maza ne, mafi yawa tsakanin shekara 55 zuwa 60, kuma an ƙiyasta tana kama mutum 5 zuwa 10 cikin kowane miliyan ɗaya a shekara.

Ana iya kwatanta ɓarnarta da gidan da babban bututun famfo ya fashe a cikin lambatunsa. Lambatun zai cika ya tumbatsa, ruwan wanka da na wanke-wanke su rasa mafita, su dawo tsakar gida. Haka jini mai ƙarfin bugu yake cika jijiyoyin da ke kwashe jini daga laka, su kumbura su yi ta murɗewa. Jinin lakar kanta ya rasa hanyar fita, lakar ta kumbura ta jiƙe, iskar oksijin ta yi mata ƙaranci. Da farko ƙwayoyinta sukan galabaita ne kawai, amma idan abin ya daɗe sai su mutu, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa.

Nau'i na biyu dunƙule ne na jijiyoyi da suka cukurkuɗe a cikin naman laka. Ya fi bayyana ga matasa 'yan ƙasa da shekara 30 ko 40, kuma sau da yawa da fashewa yake sallama: ciwon baya mai tsanani farat ɗaya kamar an soka wuƙa, ƙafafu su mutu cikin sa'o'i. Na uku shi ne mafi wuya kuma mafi ƙaranci, domin cukurkuɗewar takan ratsa laka da ƙashi da tsoka, wani lokaci har ta nuna a fata da jan tabo. Na huɗu mahaɗa ce a saman lakar kanta. Manyan irinta sukan bayyana ga yara, musamman a zuriyar da ke gadon wata cutar jijiyoyin jini mai sa yawan haɓo.

Abin da ya sa ake daɗewa ba a gano ba

Tun a 1926 likitoci biyu na Faransa, Charles Foix da Théophile Alajouanine, suka yi bayanin marasa lafiya da ƙafafunsu suka shanye sannu a hankali, aka kuma tarar da jijiyoyin jinin lakarsu a kumbure bayan sun rasu. Sai a 1974 Michael Aminoff da Valentine Logue a Landan suka nuna cewa cunkoson jini a jijiyoyi masu mayarwa ne ke haddasa ɓarnar. Sun kuma lura cewa cikin shekara uku da fara samun matsalar tafiya, kusan rabin marasa lafiyar da suka bibiya sun koma dogara sanduna ko zama a keken guragu. A 1977 Brian Kendall da Logue suka tabbatar da cewa a jikin tantani mahaɗar take.

Duk da wannan sani, har a ƙasashen da ke da wadatar na'urori mara lafiya kan shafe shekara ɗaya ko fiye kafin a gane abin da ke damun sa. Dalili na farko shi ne shekarun da cutar ke kamawa su ne shekarun zaizayar ƙashin baya da kumburin furostet da ciwon sukari. Hoton ƙugu zai iya nuna zaizaya ta gaske, a ɗora mata laifi, har a yi tiyata a kanta, alhali mahaɗar na can sama tana ci gaba da ɓarna. Dalili na biyu, wurin da mutum ke jin ciwo ba ya nuna inda mahaɗar take. Kumburin yakan taru a ƙarshen laka ta ƙasa ko da mahaɗar na tsakiyar baya.

Na'urar MRI ce mabuɗi. A hotonta lakar takan fito da haske a tsakiyarta tsawon gaɓoɓi da yawa, a bayanta kuma a ga wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo masu lauje-lauje, waɗanda su ne kumburarrun jijiyoyin. Wanda bai saba gani ba yakan ɗauki hasken a matsayin kumburi irin na cutar garkuwar jiki, ya rubuta maganin sitiroyid. An sha ganin masu wannan mahaɗa da ƙafafunsu suka ƙara mutuwa cikin sa'o'i ko kwana ɗaya bayan an yi musu allurar sitiroyid mai ƙarfi. Irin wannan taɓarɓarewa alama ce da ke sa ƙwararren likita ya sake duba hoton.

Asalin dabarar

A 1927 Egas Moniz na ƙasar Fotugal ya fara ɗaukar hoton jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ta hanyar zuba musu ruwan da ke fitowa a hoton eksire. A 1953 wani likitan hoto ɗan Suwidin, Sven-Ivar Seldinger, ya fito da hanyar shiga jijiya da allura da siririyar waya, sannan a zura bututu a kan wayar. Har gobe da wannan hanya ake shiga. A shekarun 1960 René Djindjian a birnin Faris, da John Doppman da Giovanni Di Chiro a Amurka, suka ƙware wajen shigar da bututu cikin jijiyoyin laka ɗaya bayan ɗaya. A 1968 Doppman da abokan aikinsa suka ba da rahoton toshe tangarɗar laka ta cikin bututu da 'yan ƙwayoyin ƙarfe. Daga wancan lokaci zuwa yau bututun ya ƙara sirancewa, hoto ya ƙara fitowa, abin toshewa kuma ya koma ruwa mai daskarewa.

Yadda ake aikin

Ana yin aikin a ɗaki na musamman mai na'urar eksire da ke nuna motsin jini a allo kai tsaye. Galibi akan sa mara lafiya barci, domin ko numfashi na iya girgiza hoton jijiyoyin da ba su fi zare kauri ba. Likita zai huda babbar jijiyar da ke inda cinya ta haɗu da mara, ya zura bututu zuwa uwar jijiyoyin da ta sauko daga zuciya ta gaban ƙashin baya. Daga jikinta rassa ke fita bibbiyu, dama da hagu, suna bin haƙarƙari da ƙugu.

Matakin farko bincike ne. Ana shiga kowane reshe, a fesa ruwan hoto mai sinadarin aidin, a duba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na mahaɗar tantani suna tsakanin tsakiyar baya da saman ƙugu, amma idan ba a samu a nan ba sai a bi har jijiyoyin wuya da na ƙashin ƙugu, aikin da ke iya cin sa'o'i. Abu biyu ake nema: reshen da ke zuba jini a mahaɗar, da kuma rassan da ke ciyar da laka. Idan aka tarar reshe ɗaya ne ke yin aikin biyu, akasari akan fasa toshewa a koma ga tiyata, domin gam na iya kaucewa ya shiga jijiyar laka.

Idan hanya ta yi kyau, sai a zura wani bututun da kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba ta cikin na farko, a lallaɓa shi har bakin mahaɗar. Abin da aka fi ɗigawa shi ne wani gam na asibiti, ɗan uwan Super Glue a sinadari, wanda ke daskarewa da zarar ya haɗu da jini. Akan gauraya shi da wani mai da ake kira Lipiodol, don ya fito a hoto kuma ya jinkirta daskarewa gwargwadon nisan da ake so ya yi. Akwai kuma Onyx, ruwa mai kauri da ke daskarewa a hankali daga waje zuwa ciki, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2005 don tangarɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, daga baya likitoci suka riƙa amfani da shi a laka. Ga manyan mahaɗu masu gudun jini sosai, akan fara cusa 'yan murɗaɗɗun wayoyin filatinam su rage gudun. A da an yi amfani da garin roba mai laushi, amma an lura hanyar kan sake buɗewa bayansa.

Gwanintar aikin tana ga inda gam ya tsaya. Dole ya ratsa mahaɗar ya cika farkon jijiya mai mayarwa. Idan ya tsaya kafin nan, wasu ƙananan rassa daga sama ko ƙasa za su kewayo su ci gaba da zuba jini, cutar ta dawo bayan makonni ko watanni, a lokacin kuma ƙofar shiga ta riga ta rufe. Idan ya zarce da yawa, zai toshe jijiyoyin da laka ke buƙata don fitar da jininta. Tazarar da ke tsakanin waɗannan kurakurai biyu ba ta wuce 'yan milimitoci ba.

Toshewa ko tiyata?

Ga nau'i na farko, tiyata ma hanya ce mai kyau, kuma ba babba ba ce kamar yadda ake zato. Likita kan cire ɗan ɓangaren ƙashi ta baya, ya buɗe tantani, ya datse jijiya mai mayarwa a daidai inda ta fito daga mahaɗar. Wani nazari da aka wallafa a 2015, wanda ya tattara sakamakon bincike masu yawa, ya nuna tiyata ta rufe mahaɗar a karon farko ga kimanin kashi 97 cikin 100, toshewa ta bututu kuma kimanin kashi 72. Fifikon toshewa shi ne ba a yanka baya, ana iya yin ta a zama ɗaya da binciken, ciwon bayan aiki kaɗan ne, kuma mutum kan koma gida cikin 'yan kwanaki. Wannan na da muhimmanci ga dattijo mai hawan jini ko ciwon zuciya. Saboda haka cibiyoyi da yawa kan fara gwada toshewa idan yanayin jijiyoyin ya ba da dama, in ba ta kammala ba a yi tiyata. Gam ɗin da aka ɗiga ma yakan zama alama a hoto da ke nuna wa mai tiyata gaɓar da zai buɗe.

Ga nau'i na biyu da na uku lissafin ya sha bamban. Tunda dunƙulen na cikin naman laka, yanke shi na da haɗari babba, don haka toshewa ce kan zo a gaba. Sau da yawa ba a neman kawar da shi gaba ɗaya. Akan toshe wuraren da bangon jijiya ya yi rauni ya kumbura kamar balan-balan, a rage gudun jini, a zama biyu ko uku. A nau'i na huɗu, ƙananan mahaɗu sun fi dacewa da tiyata saboda jijiyarsu ta yi sirantakar da bututu ba zai isa ba, manya kuwa sun fi dacewa da toshewa.

Haɗari da abin da ke biyo baya

Ƙanƙantar huda ba ta nufin ƙanƙantar haɗari. Mafi muni shi ne toshewar jijiyar da ke ciyar da laka, abin da ke iya jawo shanyewar dindindin. Akwai yiwuwar jijiya ta fashe, ko jini ya taru a wurin hudar, ko ruwan hoto ya wahalar da ƙodar mai ciwon sukari ko ciwon ƙoda. Bayan an rufe mahaɗar, jini na iya daskarewa a kumburarrun jijiyoyin da gudunsu ya ragu farat ɗaya, shi ya sa wasu likitoci ke ba da maganin tsinka jini na ɗan lokaci. Mara lafiya kan kwanta ba tare da lanƙwasa ƙafa ba na wasu sa'o'i, sannan a sake hoton MRI bayan 'yan watanni don a ga ko kumburin laka ya sauka.

Rufe mahaɗa yakan tsayar da ci gaban cutar ga mafi yawan mutane. Kimanin kashi biyu cikin uku sukan ga tafiyarsu ta inganta. Mutuwar fata da raɗaɗi ba su cika saurin tafiya ba, matsalar fitsari da bayan gida da ta mazakuta kuwa su ne mafi taurin kai. Wanda aka yi wa aiki yana iya takawa da ƙafarsa ya fi samun sauƙi a kan wanda ya riga ya daɗe a keke, ko da yake shi ma na keken akan yi masa, domin wasu sukan miƙe. Gashin ƙashi na watanni wani ɓangare ne na maganin. Idan rauni ya dawo bayan an samu sauƙi, alama ce ta cewa mahaɗar ta sake buɗewa, kuma komawa asibiti a lokacin ba ya jiran ranar da aka rubuta a kati.

Ga mai irin waɗannan alamomi a nan gida

A Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar akwai cututtukan da suka fi wannan yawa wajen kashe ƙafafu: tarin fuka na ƙashin baya, tsargiya idan ƙwanta ya kai laka, ciwon daji da ya bazu zuwa ƙashi, da lalacewar jijiyoyin saƙo saboda ciwon sukari. Daidai ne likita ya fara da su. Sai dai idan an sha magani wata da watanni rauni na ƙaruwa, musamman idan yana tsananta da tafiya ko tsayuwa ko yunƙuri ya kuma lafa da hutu, ga matsalar fitsari ta shigo, to lokaci ya yi da za a nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa da laka. Manyan asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da ke Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja suna da sassan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka.

Yana da kyau hoton MRI ya haɗa da tsakiyar baya, kada ya tsaya a ƙugu kaɗai, kuma a karɓi faifan hoton tare da rahoton, domin ƙwararren da za a je wurinsa zai so ya gani da idonsa. Toshe jijiyar laka aiki ne na likitoci ƙalilan da na'ura mai tsada, don haka mai yiwuwa a tura mutum wani gari ko wata ƙasa. Kafin ɗan kasuwa ya sayar da kadara ko ma'aikaci ya ci bashi don tafiya Indiya ko Masar, ya dace ya tambayi likitansa abubuwa uku: wane nau'i ne daga cikin huɗun, ko reshen da ke ciyar da mahaɗar yana ciyar da laka, da kuma ko tiyata a gida za ta wadatar. Ga nau'in da ya fi yawa, amsar tambaya ta uku sau da yawa e ce, muddin hoton jijiyoyi ya nuna ainihin gaɓar da mahaɗar take.

Abin da ya fi tsada a wannan cuta shi ne watannin da ake ɓatawa tsakanin kemis da mai tsaga da mai ƙaho, ana jiran ƙafa ta warware da kanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma lakar da ta kumbura tana iya farfaɗowa matuƙar ƙwayoyinta ba su mutu ba.